Daga lungunan Koki zuwa titin Zariya: Wane babur ne ya dace da Kano?

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a unguwar Koki da hantsi, lokacin da 'yan kasuwa ke gangarawa Kurmi, zai gane cewa babur ne abin hawan tsohon birnin Kano. Mota tana kai mutum bakin unguwa, daga nan kuma sai ƙafa ko taya biyu. Lungunan cikin ganuwa da sawun mutum da na jaki aka shata su, tun kafin layin dogo ya iso Kano a 1911. Ko a Koki, unguwar da Alhassan Ɗantata ya kafa gidansa, wadda zuriyarsa ta sa sunanta ya zaga duniya, arziki ya ƙaru amma faɗin lungu yana nan yadda aka gada.

A 'yan shekarun nan wani sabon sauti ya shigo titunan birnin, wato rugugin manyan baburan da matasa ke kira fawa-baik. Ana ganin su a jerin gwanon ɗaurin aure, da ranakun Sallah, da bidiyoyin TikTok da Instagram. A tsakanin masu sha'awarsu akwai muhawarar da ba ta ƙarewa: wanne ya fi, kuruza mai tsananin gudu ko babur ɗin doguwar tafiya? Amsar tana da tsada, domin ana maganar miliyoyin naira ne, a wani lokacin kuma ana maganar ƙashin mutum. Kuma a Kano ba za a yi wannan kwatance da gaskiya ba sai an sa na uku a ma'auni, wato ƙaramin babur da ya riga kowa mallakar hanya.

Su wane ne a fagen

Kuruza salo ne da ya samo asali a Amurka, kuma kamfanin Harley-Davidson, wanda aka kafa a birnin Milwaukee a 1903, shi ne ya fi kowa suna a kansa. Alamominsa a fili suke: kujera a ƙasa, jiki mai tsawo, inji mai silinda biyu da suka rabu kamar baki biyu na almakashi, matakan ƙafa a gaba. An ƙera shi ne don tafiyar ƙasaita a miƙaƙƙen titi. Daga baya wasu kamfanoni suka ɗora masa inji irin na tsere. Yamaha ya fito da V-Max a 1985, Ducati na Italiya ya fito da Diavel a 2011, shi ma Harley ya sake fasalin Sportster a 2021 da samfurin Sportster S. Waɗannan su ne kuruza masu gudu: zaman sarauta, zuciyar tsere.

Babur ɗin doguwar tafiya kuwa an gina shi ne don wanda zai wuni a kan hanya. Sarkin wannan rukuni shi ne Honda Gold Wing, wanda ya fara fitowa a 1975. Yana da gilashin kare iska, akwatunan kaya a gefe da baya, faffaɗar kujera ga matuƙi da wanda aka goya. Danginsa ne irin manyan baburan da 'yan sandan rakiya ke hawa a gaban ayarin shugabanni. A gefensa akwai ƙanensa mai dogayen ƙafafu, wanda aka tsara don kwalta da burji baki ɗaya, irin su jerin GS na kamfanin BMW da Honda Africa Twin.

Na uku shi ne wanda kowane ɗan Koki ya sani: roba-roba irin su Jincheng da Lifan, da Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya, da TVS, da Haojue. Roba-roba jikan Honda Super Cub ne, wanda aka fara ƙerawa a Japan a 1958, kuma zuwa 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100, abin da babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa cimma. Kafin su akwai Vespa, wadda har yanzu wasu dattawan cikin birni ke riƙe da ita da martaba, ba su yarda an shigo da abin da ya fi ta ba.

Daɗin zama

A hoto, kuruza ne ya fi kama da hutu. Mutum ya miƙe ƙafa gaba, ya jingina baya kaɗan, kamar mai zaune a kujerar zaure. Ƙasa ba ta yi masa nisa ba, don haka ko gajere yana dire tafin ƙafarsa biyu idan ya tsaya, kuma wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce ga sabon matuƙi. Matsalar tana bayyana ne idan taya ta faɗa rami. A babur ɗin da matakansa ke ƙarƙashin jiki, matuƙi yana ɗan ɗaga kansa, gwiwoyi su sha girgizar. Idan ƙafafu suna can gaba, babu wannan damar, duk dukan sai ya bi ta kujera ya sauka a ƙashin baya. Sportster S da ya fito a 2021, alal misali, shokazobansa na baya santimita biyar kacal yake iya lotsawa. A titunan Amurka wannan ya wadatar. A hanyar da ruwan Agusta ya cinye gefenta, ko wadda mazauna unguwa suka yi wa tudun rage gudu da siminti gwargwadon fushinsu da masu ganganci, labarin daban ne.

Sannan akwai iska. Kuruza ba shi da abin kariya a gaba, jikin matuƙi a buɗe yake kamar tutar da aka kafa. Da zarar gudu ya haura kilomita 100 a awa, hannaye da wuya ne ke kokawa da iska, kuma kafin a kai Zariya daga Kano gajiya ta bayyana. Lokacin hunturu, ƙura da sanyin asuba suna ƙara wa abin nauyi.

A nan babur ɗin doguwar tafiya ba shi da abokin karawa. Baya a miƙe, gwiwa a lanƙwashe daidai, gilashi yana karkatar da iska ta bi ta saman kai. Wanda aka goya yana da majingina da wurin ɗora hannu, saɓanin kuruza mai gudu da kan ba shi ɗan matashi kamar faifan tuwo. Sai dai wannan kariyar tana da farashi a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40. Rufin da ke tare iska a babban titi shi ne ke hana ta isa ga jiki a cunkoson Ƙofar Wambai, ga kuma zafin babban inji yana tasowa tsakanin ƙafafu.

Akwai kuma wani ma'aunin da masu ƙera manyan babura ba su taɓa tunani a kai ba: babbar riga da zani. Roba-roba da Vespa suna da sarari tsakanin kujera da kan babur, mutum ya zura ƙafa ya zauna ba tare da ya ɗaga ta sama da tanki ba. Ɗan kasuwa mai dogon kaftani, ko malami mai jallabiya, yana isa inda za shi da shigarsa ta mutunci. Wannan dalili shi kaɗai ya isa ya bayyana yadda roba-roba ya mamaye cikin birni, duk da cewa robobinsa ba sa jure faɗuwa, har masu barkwanci suka laƙaba wa irinsa sunan "wayyo kuɗina".

Ƙarfi, da inda za a kai shi

Ƙarfin inji iri biyu ne, kuma masu sayarwa sun fi son ambaton ɗaya. Akwai ƙarfin doki, wanda ke nuna iya gudun da babur zai kai idan aka murɗa totur har ƙarshe. Akwai kuma ƙarfin ja, wanda ke tayar da babur daga tsaye, ya hau da shi tudu da kaya da goyo ba tare da an yi ta canza giya ba.

Diavel V4 na Ducati yana da ƙarfin doki 168. Sportster S yana da 121 daga inji mai cc 1,252. Gold Wing na yanzu, duk da injinsa mai silinda shida da cc 1,833, ƙarfin dokinsa kimanin 125 ne, domin an karkata shi ga ƙarfin ja, ta yadda zai ɗauki mutum biyu da akwatuna cike ya wuce tirela cikin natsuwa. Boxer mai cc 150 yana da ƙarfin doki 12, roba-roba mai cc 110 kuwa bai wuce bakwai zuwa takwas ba. Ke nan kuruza ɗaya na iya ɗauke da ƙarfin roba-roba ashirin.

Tambayar ita ce ina za a kashe wannan ƙarfin. Daga Koki zuwa Fagge, ko zuwa Kwari, ko zuwa Jami'ar Bayero, da wuya mai babur ya samu sararin da zai wuce kilomita 50 a awa tsakanin adaidaita sahu, masu tura kura da yara 'yan makaranta. A irin wannan tafiya babban inji ba ya fita daga giya ta ɗaya ko ta biyu, hannun hagu yana ta matse kuloci, inji yana zafi. Sai a babban titin Zariya, ko na Wudil, ko na Katsina, ƙarfin ke samun ma'ana. Ko a can ma, hanyar ba ta matuƙi shi kaɗai ba ce: akwai awaki, akwai mai shigowa hannun da ba nasa ba, akwai motar da ta lalace aka yi mata alama da ganye. Ka'idar lissafi ba ta sassauci: idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin a tsaya tana ninka huɗu.

Abin da ya faru a 2022 ya isa misali. Kunle Adeyanju, ɗan Najeriya kuma ɗan ƙungiyar Rotary, ya tashi daga Landan a watan Afrilu ya iso Legas a ƙarshen Mayu a kan babur, don wayar da kai game da cutar shan inna. Ya ratsa Turai, ya tsallaka Maroko, ya bi gefen Sahara. Babur ɗin da ya yi wannan tafiya da shi Honda CB500X ne, mai cc 471 da ƙarfin doki 47, wato ƙasa da sulusin ƙarfin Diavel. Matsakaicin babur mai dogayen ƙafafu, wanda nauyinsa bai kai kilo 200 ba, shi ya ƙetare nahiyoyi biyu.

Sarrafawa

Nan ne Koki ke yanke hukunci. Abu uku ne ke nuna yadda babur zai juya: nauyinsa, tazarar da ke tsakanin tayoyinsa, da yadda ƙafarsa ta gaba ta kwanta. Kuruza yana da doguwar tazara da kwantacciyar ƙafar gaba, shi ya sa yake tafiya ɗoɗar a miƙaƙƙiyar hanya kamar an ɗora shi a kan layin dogo, shi ya sa kuma yake ƙin kwana. Faffaɗar tayar da ke ba shi kwarjini tana ƙara masa taurin kai. Cikinsa kusa yake da ƙasa: Sportster S na 2021 santimita tara ne tsakaninsa da kwalta, alhali Boxer yana da sama da goma sha biyar. Wanda ya san yadda ake tsallaka bakin kwata don shigar da babur soro da dare ya san abin da wannan bambanci ke nufi.

Gold Wing ya fi yadda ake zato iya kwana idan yana cikin tafiya, domin injinsa a kwance yake, nauyin ya taru a ƙasa. Amma nauyin nan kusan kilo 380 ne a samfurin da ke da cikakkun akwatuna, tsawonsa ya haura mita biyu da rabi, har sai da kamfanin ya sa masa na'urar ja da baya. Idan ya karkata a kan yashi ko a taɓon damina, ƙafar mutum ɗaya ba za ta tare shi ba, idan kuma ya kwanta sai an kira jama'a. A lungun da mutum biyu ke goga kafaɗa, inda ake iya cin karo da amalanke a kwana, ba shi da wurin juyawa ko kaɗan.

Roba-roba yana da nauyin da bai wuce kilo 100 ba sosai, ba ya buƙatar matse kuloci, kuma matashi ɗaya yana ɗaga bayansa ya juya shi a inda yake tsaye. Rauninsa yana babban titi: iskar tirela tana kaɗa shi, siririyar tayarsa da birkinsa na ganga ba su da tabbas idan aka tsananta gudu. A wannan ɓangaren manyan babura sun yi masa nisa, domin mafi yawansu suna zuwa da birkin ABS, wanda ke hana taya daskarewa idan aka danna shi da ƙarfi. Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan sababbin baburan da suka haura cc 125 tun daga 2016.

Mai da makanike

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, lissafin kowane mai abin hawa ya sauya. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 a hukumance ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma tsallake 1,000 a watan Oktoban 2024. Sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023 ya ɗaga farashin duk wani abu da ake shigowa da shi, daga babur ɗin kansa har zuwa fulogi. Ƙaramin babur yana cin kilomita 50 ko fiye da lita ɗaya. Gold Wing bai kai 20 ba. Kuruza mai gudu yana da ƙarin matsalar ƙaramin tanki: na Sportster S bai kai lita 12 ba, na Gold Wing kuwa 21 ne.

Gyara ya fi mai wahala. Makaniken bakin titi yana kwance injin Jincheng ko Boxer ya mayar kafin la'asar, kayan gyaransu kuma suna ko'ina. Babban babur na zamani kwamfuta ce ke sarrafa mansa da wutarsa, gano cutarsa na buƙatar na'ura, kuma ƙaramin abu na iya ajiye shi makonni ana jiran saƙo daga Legas ko ƙasar waje. Man 'yan bumburutu da ƙaramin inji ke haɗiyewa ya wuce, na iya toshe famfon man babba. Ƙurar hunturu tana cin sarƙa, don haka baburan da ke amfani da bel kamar na Harley, ko sandar ƙarfe a rufe kamar Gold Wing da manyan GS, sun fi sauƙin kulawa ta wannan fuska.

Abin da doka ta ce

Babur a Kano abu ne na siyasa tun kafin fawa-baik ya zo. Acaɓa ta bunƙasa ne bayan matsin tattalin arzikin da ya biyo shirin SAP na 1986, ta zama sana'ar dubban matasa. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da babura masu ƙafa uku a 2005 don ɗaukar mata, sunan shirinta na A Daidaita Sahu ya bi su har yau. Ranar 19 ga Janairu, 2013, 'yan bindiga suka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari a kusa da Masallacin Murtala, shekara guda bayan hare-haren 20 ga Janairu, 2012. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso, ta bakin mataimakinsa Abdullahi Umar Ganduje, ta haramta acaɓa. Dokar da aka kafa a wannan shekara ta hana ɗaukar fasinja a babur a ƙananan hukumomin ƙwaryar birni da kewaye, irin su Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Wanda ya sayi babur saboda daɗin kujerar baya, ya kamata ya san inda yake hawa da shi.

Matsalar 'yan bindigar daji ta sake mayar da babur abin zargi. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari a Katsina ta hana sayar da baburan hannu a kasuwar Charanchi, ta kuma taƙaita goyo. A watan Yulin 2022 Ministan Shari'a Abubakar Malami ya ce Majalisar Tsaro ta Ƙasa na duba yiwuwar hana babura a faɗin Najeriya, maganar da ba ta zama doka ba. Abin lura shi ne duk waɗannan matakai a kan ƙaramin babur suke sauka, irin wanda 'yan siyasa da kansu ke rabawa a matsayin tallafi idan zaɓe ya matso. Babban babur, wanda ya fi kowanne haɗari a hannun wanda bai ƙware ba, kusan babu wata ka'ida ta musamman a kansa.

A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai lasisin babur hawa-hawa ne. Matashi yana farawa da wanda bai wuce cc 125 ba, sannan ya hau matakin da aka ƙayyade wa ƙarfin doki 47, kafin a ba shi izinin hawa kowane iri. Shi ya sa ma aka tsayar da ƙarfin CB500X a daidai wannan adadi. A Najeriya rukunin lasisi ɗaya ne, wato A, ya haɗa roba-roba da Diavel. Wanda jiya yake kan Lifan, idan yau ya samu kuɗi, babu takardar da za ta tsaya tsakaninsa da ƙarfin doki 168. Haɗarin da Yusuf, ɗan Shugaba Muhammadu Buhari, ya yi a kan babban babur a unguwar Gwarinpa ta Abuja a watan Disambar 2017 ya ja hankalin ƙasa na ɗan lokaci, amma bai sauya tsarin ba.

Hular kwano ma tana da nata tarihin. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta a ranar 1 ga Janairu, 2009, kuma a Kano wasu 'yan acaɓa suka amsa da ɗaura ƙwarya a ka, labarin da ya kai har kafafen watsa labaran duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa hular da aka sanya daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, na raunin kai kuma da kusan kashi 70. Daga Koki zuwa Asibitin Ƙashi na Dala tafiyar 'yan mintoci ce, kuma yawancin masu baburan da ke bin wannan hanya a kullum hular zanna ce ko ta yadi a kansu.